Takarda, WhatsApp, Manhaja ko Murya: Ta Wace Hanya Za Ki Fitar da Labarin Doki, Jinya da Zawarci?

Wata ƙanwata, ba ta jini ba, ta kawo mini rubutunta a cikin manyan littattafan makaranta guda biyar, ta ajiye a gabana ta ce, "Anti, na gama. Amma ban san ta inda zan fitar da shi ba. Wasu sun ce in buga, wasu sun ce in buɗe guruf, wata kuma ta ce in bai wa masu karantawa a YouTube." Na ce ta ba ni mako biyu in karanta tukuna, domin ba a zaɓa wa labari hanya kafin a san irin tafiyarsa.

Labarin wata mata ce da aurenta ya mutu bayan shekara tara, ta dawo gidan mahaifinta a cikin birnin Kano da 'yarta ɗaya. Mahaifin tsohon mahayi ne, cikin waɗanda ba sa fashin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, yana da dawakai uku a barga. Tana cikin idda ya faɗi, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Yayyenta maza suka ce a sayar da dawakan a yi magani, ita kuma ta ce a bar ɗaya. Daga nan labarin ya koma tsakanin ɗakin majiyyaci da turke: da asuba ta juya Baba ta shafa masa mai, hantsi ya yi ta jiƙa dusa da kanwa, ta watsa harawa, har ta koyi ɗaura sirdi da sa linzami. Akwai wurin da aka fito da tsohon a kan kujera zuwa bakin barga, akawal ɗin, wato baƙin dokinsa, ya miƙo wuya ya shinshina hannun da ya mutu, tsohon ya kasa magana sai hawaye. Sau uku na karanta wannan shafin.

Da izininta nake misali da aikinta, domin na san akwai mata da yawa da ke riƙe da irin wannan rubutu, mai tafiya a hankali, mai kusanci da rayuwar wadda ta rubuta shi, suna tsaye a mararrabar da take tsaye.

Ma'aunan da zan auna da su

Na farko kuɗi: nawa za ki fitar kafin mutum ɗaya ya karanta, kuma ta ina, yaushe zai dawo. Na biyu ɗorewa: bayan shekara goma, za a iya samun labarin a cikakkensa da sunanki a kai? Na uku sauƙi, wato yawan wahalar da za ki sha da hannunki, musamman idan ke ma kina da majiyyaci a gida ko yara a gabanki. Na huɗu haɗari, kuma kala biyu ne: satar aiki, da kuma tonuwar asirin gida, domin labarin saki da jinya da wuya ya fita ba tare da dangi sun fara lissafin wane ne wane ba.

Akwai na biyar da ba a cika kawowa ba, ni kuwa shi na fi bai wa nauyi: me hanyar za ta yi wa labarin kansa? Kowace hanya tana da abin da take so daga marubuci, kuma tana matsa masa har sai ya ba ta.

Domin lissafi ya yi sauƙi, mu ɗauka labarin yana da kalma 60,000, wanda kusan haka nata yake.

Bugawa a takarda

Wannan ce tsohuwar hanya, wadda adabin kasuwar Kano ya tashi a kanta tun shekarun 1980, lokacin da marubuta suka daina jiran kamfanonin buga littattafai irin su NNPC ta Zariya suka fara kai aikinsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu. A nan sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Za ki biya mai buga rubutun a kwamfuta, mai gyaran ƙa'idar rubutu, mai zanen bango, sannan maɗaba'a. Kalma 60,000 a ƙaramin shafi mai ɗaukar kalma 300 za ta ba ki shafi 200. Masu inji suna buga shafuka ne 8 ko 16 a babbar takarda ɗaya kafin a naɗe a yanke, saboda haka idan 16 ne, ki daidaita littafin ya tsaya a 192 ko 208, kada ki biya kuɗin farar takarda a banza.

Bugu iri biyu ne. Babban inji mai amfani da faranti yana da tsada a farko, amma kowane kwafi yana ƙara araha idan an buga 500 ko 1,000. Bugun dijital kuwa za a iya yi miki 50 ko 100. Kowane kwafi ya fi tsada, amma jimillar abin da za ki fitar ba ta kai ta wancan ba. Mafi yawan takardar da ake bugu da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, don haka tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinta yake bin dala. Kada ki yi aiki da farashin da wata ta faɗa miki na bara. Ki je maɗaba'a uku da ƙafarki, ki sa a rubuta miki nauyin takardar, giram 60 ne ko 70, da irin haɗin da za a yi: ɗinki ne ko gam kawai. Littafi mai shafi 200 da aka haɗa da gam marar kyau, kafin ya zaga hannu biyar ya fara zubar da shafuka.

Dawowar kuɗin kuwa sai haƙuri. Diloli a Sabon Gari da sauran kasuwanni sukan karɓi littafi ne su biya bayan sun sayar, kuma kowa ya san kasuwar ba kamar da take ba tun da waya ta shiga hannun mata. Na taɓa kai wa wani mai shago kwali biyu na littafin wata ƙawata, muka yi wata takwas muna sintiri kafin rabin kuɗin ya fito, sauran kwafin kuma aka dawo mana da su ƙura ta canza musu kala.

Amma wajen ɗorewa babu kamarta. Idan kin karɓi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, kika miƙa kwafi uku kamar yadda doka ta tanada, littafinki ya shiga tarihi. Malamin jami'a zai iya sa ɗalibi ya yi nazari a kansa, kuma labari irin wannan yana da abin nazari. Kalmomin da ke cikinsa, irin su ragama, likkafa, jalala, dabaibayi, kilisa, sassarfa, bikili, hurde, da yawan matasan yanzu ba su san su ba, duk da cewa UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Takarda ce ke ba mai karatu damar ya tsaya a kan kalma, ya koma baya, ya tambayi kakansa. Ki kuma tabbata an yi amfani da rubutun kwamfuta mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ. Na ga littafin da duk waɗannan haruffa suka koma akwatuna bayan an gama bugu, saboda kwamfutar maɗaba'ar ba ta da irin rubutun da aka tsara shi da shi. Ki kai musu PDF, ki kuma duba gwajin farko shafi-shafi kafin ki ce a ci gaba.

Ta fuskar haɗari, satar littafin takarda tana buƙatar wahala: sai an ɗauki hoton kowane shafi ko an sake buga shi da hannu. Ana yi, amma ba cikin dare ɗaya ba. Idan a Kano za ki buga ki sayar, ki fara zuwa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ki ji ƙa'idar da ke aiki a lokacin.

Saki kashi-kashi a WhatsApp ko Telegram

Nan ne kasuwa take yanzu, ba na musu. Ba ki buƙatar komai sai waya da data. Ki saki shafukan kyauta goma ko ashirin, idan labarin ya kama mutane ki ce daga nan na kuɗi ne, a tura 'yan ɗaruruwan naira da shaidar biya, ki sa mutum a guruf. Masu karatu daga Nijar sukan biya da sefa ta hannun wata wakiliya. Kuɗin yana shigowa tun ba ki kai rabi ba, kuma babu dila a tsakani. Ga macen da ta fito daga gidan miji ba ta da jari, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan raina shi ba.

Sai dai sauƙin na farko ne kawai. Guruf ɗin WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024, kuma ke ce marubuciya, ke ce mai karɓar kuɗi, ke ce mai rabon faɗa. Wadda ta biya tana jiran shafinta kullum. Ranar da majiyyacinki ya kwana bai yi barci ba, da safe za ki tarar da saƙo ɗari: "Yau babu ci gaba ne?" Wasu da addu'a, wasu da gori.

Ɗorewa kuwa kusan babu. Waya ta faɗa ruwa, ko aka rufe lambar, shi ke nan. Abin da ke saura shi ne kwafin da wasu suka haɗa suka watsa, sau da yawa babu shafi na 37, babu sunanki, wani lokaci ma da sunan wata. Sata a nan danna yatsa ɗaya ce. Telegram ya ɗan fi, domin guruf ɗinsa yana ɗaukar har mutum 200,000 kuma akwai damar hana kwafa da turawa, amma wanda ya yi niyya zai ɗauki hoton fuskar wayar da wata waya.

Babban abin da ya sa na hana ƙanwata wannan hanya a matsayin ta farko shi ne ma'auni na biyar. Saki kashi-kashi yana son kowane shafi ya ƙare da abin da zai hana mutum barci. Labarinta kuwa yana da babi guda wanda babu abin da ya faru a cikinsa face ta yi wa mahaifinta aski, tana yi yana ƙoƙarin furta sunan dokinsa. A guruf, wannan babin zai sha sharhi irin na "labarin ya yi sanyi". Za a ce a dawo da tsohon mijin ya zo yana kuka, a sa amaryarsa ta wulaƙanta shi, a kawo wani attajiri ɗan folo ya ganta a kan doki ya ce sai ita. Kuma marubuciya mutum ce. Idan mutum ɗari biyar da suka ba ta kuɗinsu suka nace, za ta karkata. Na ga labarai masu kyau da suka fara da jinya suka ƙare da rikicin kishiya saboda haka. Ga kuma lambar wayarki a fili: duk ɗan uwan tsohon miji da ya ga kamar da su ake, ya san inda zai same ki.

Manhaja ko dandalin sayar da littafi

Wannan tsaka-tsaki ce. Wattpad kyauta ne, yana tsara labari babi-babi da sunanki da ranar da kika ɗora, abin da zai iya zame miki hujja idan aka yi jayayya kan mai aikin. Amma yawancin marubuta ba sa samun ko kwabo daga gare shi kai tsaye. Wurin tara masu karatu ne. Manhajoji irin su ArewaBooks an yi su ne domin littattafan Hausa, ana biya a karanta a ciki. Selar kuma yana ba ki damar ɗora littafin gaba ɗaya ki sa farashinki, su cire kasonsu a kowane ciniki.

Kuɗin farawa kaɗan ne: gyara da bango. Kada ki tsallake gyaran. Alherin wannan hanya shi ne labarin yana fita a kammale, yadda kika so shi, babu mai tsoma miki baki a tsakiya, kuma kina iya amfani da sunan alƙalami ba tare da lambar wayarki ta fita ba. Wahalarta ita ce talla. Babu wanda zai yi tuntuɓe da littafinki. Ke za ki kai mutane wurin.

Kan ɗorewa, darasi ɗaya ya isa. OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka ɗora littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen watan Nuwambar 2023 bayan shekara goma yana aiki. Dandali na wani ne, ranar da ya ga dama ko ya gaza sai ya naɗe tabarmarsa. Ki ajiye ainihin rubutunki a wuri uku: kwamfuta, imel, da bugaggen kwafi a cikin akwati. Ki kuma karanta yarjejeniyar kafin ki amince, musamman wurin da ya ce ko kina da ikon sayar da littafin a wani wuri. Fayil ɗin da ake saukewa a waya ya fi saurin yawo a kan wanda sai a cikin manhaja ake karanta shi.

Murya: YouTube da rediyo

Akwai mata masu yawa da ba sa iya zama su karanta, amma suna sauraro suna wanke-wanke, ko suna zaune a gefen gadon asibiti. Su ne ainihin mutanen wannan labari. Kuma kirarin doki da haniniya da kiɗan hawa a kunne suka fi daɗi.

Hanya biyu ce. Ko ki buɗe tasharki, ko ki bai wa mai tasha. Idan taki ce, YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da ke sai kin tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Kalma 60,000 za ta ci kusan awa bakwai a karatu, wato kina buƙatar mutum wajen 570 su saurare shi daga farko har ƙarshe kafin ki cika awannin. Mai yiwuwa ne, amma da littafi ɗaya tal abu ne mai wuya. Ga neman ɗaki marar hayaniya, ga wutar caji, ga datar ɗorawa.

Idan kuwa za ki bai wa mai tasha, a rubuta yarjejeniya: biya ɗaya ne ko kaso, na shekara nawa, kuma sunanki zai fito a kowane kashi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba ki iko a kan aikinki tun daga ranar da kika rubuta shi, har shekara 70 bayan rasuwa, ta kuma ba ki damar neman a sauke abin da aka ɗora ba da izininki ba. Amma idan da baki kika ce "je ka karanta", kin raunana hujjarki. Ki saurari mai karatun tukuna. Wanda ya saba da labaran faɗa da ihu zai karanta wurin askin nan da muryar da za ta kashe shi, wanda kuma bai san doki ba zai yi ta tuntuɓe a kan kalmomin barga. Rediyo yana sa suna ya kai ƙauyuka, amma abin da aka karanta yau iska ta tafi da shi.

| Hanya | Kuɗin farawa | Dawowar kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Takarda | Mai yawa | A hankali, ta hannun dila | Mafi tsawo | Wahala a farko, hutu daga baya | Kwantai da bashi |
| WhatsApp ko Telegram | Kusan babu | Nan take | Gajere ƙwarai | Sauƙin farawa, aiki kullum | Sata, karkatar labari, fitar lambar waya |
| Manhaja | Kaɗan | Gwargwadon tallarki | Muddin dandalin na raye | Matsakaici | Rufewar dandali, yawon fayil |
| Murya | Kaɗan zuwa matsakaici | Jinkiri, ko biya ɗaya | Matsakaici | Wahala idan tasharki ce | Yarjejeniyar baka, karatu marar kyau |

Wace hanya ta dace da wa

Idan kuɗin cefane da na makarantar yara kike nema a wannan watan, ki bi WhatsApp ko Telegram, amma da sharaɗi ɗaya: ki gama rubuta labarin kaf kafin ki saki shafin farko, ki kuma sayi layi daban domin harkar. In an yi sharhi ki yi godiya, ki saki abin da kika riga kika rubuta.

Idan abin da ya fi damunki shi ne kada a gane gidanku, manhaja da sunan alƙalami ta fi. Ki canza unguwa, ki canza yawan 'yan'uwa, ki canza sana'ar mijin, har launin dokin, domin a cikin gari masu dawakai sun san juna, kuma sun san wa yake da akawal mai farar ƙafa.

Idan kina son littafin ya shiga makarantu da ɗakunan karatu, ko kina son 'yarki ta ɗauke shi da hannunta wata rana, takarda ce. In jarin bai kai ba, ki fara da kwafi 100 na dijital, ki sayar hannu da hannu, a taron marubuta da wurin masu harkar dawakai, waɗanda ba a cika rubuta labarinsu ba kuma za su so ganinsa.

Idan kuma burinki ya kai ga mata masu jinya da waɗanda ba su yi nisa a boko ba, murya ce, amma ki bar ta ta zo daga baya, bayan littafin ya fita da sunanki a wani wuri tabbatacce.

Ƙanwata ta zaɓi ta ɗora shi a kammale a manhaja da sunan alƙalami, ta tara abin da ya shigo ta buga kwafi 100 kafin babbar Sallah mai zuwa. Littattafan makarantar nan biyar suna wurina, na fara buga su a kwamfuta, ina babi na huɗu, inda yayyen matar suka kawo dillalin dawakai ya buɗe bakin akawal yana duba haƙoransa.